Yadda ake gane ƙashin dabbar zamanin da, a ɗauko shi bai ruguje ba

Masu haƙar jibsam, ma'adinin da ake yin garin POP da shi, a yankin Dange da Wurno, da makiyayan da ke bin gindin tsaunukan Tigidit a kudancin Agadas, sukan ci karo da ƙashi mai nauyin dutse, baƙi ko ja, wanda bai yi kama da na raƙumi ko na saniya ba. Abin da aka saba yi shi ne a kama gefen da ya leƙo a fizgo. Nan take ya rabu gida ashirin, rabi a hannu rabi a ƙasa, a zuba a buhu a kai gida. Ƙashin da ya kwana shekara miliyan 70 lafiya ya lalace cikin minti ɗaya, kuma ko an kai wa masani gutsattsarin, tambayarsa ta farko ita ce daga wane shimfiɗin ƙasa aka ciro shi, amsar da ba mai iya bayarwa a lokacin.

Wannan bayani na ɗalibin nazarin duwatsu ne, da malamin da ke fita da ɗalibai, da duk wanda ya tsinci irin wannan ƙashi a gonarsa ko ramin haƙarsa.

Fara sanin abin da kake nema

Ido ba ya ganin abin da bai sani ba. Ƙasar Sakkwato da hamadar Nijar dabbobinsu daban ne, don zamaninsu ba ɗaya ba ne.

A lissafin masana, wajen shekara miliyan 70 da suka wuce wani teku mara zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya bi ta inda Mali da Nijar suke a yau, ya kai har ƙasar Sakkwato. Lakar da ta kwanta a ƙarƙashinsa ita ce shimfiɗin da ake kira Dukamaje, yumɓu mai toka-toka da jijiyoyin jibsam, wanda ke bayyana a tuddan yankin Wurno da Goronyo. A cikinsa aka sami Goronyosaurus nigeriensis, wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai iyo da filafilai, dangin su guza da damo na nesa. Wani masanin Birtaniya, Swinton, ya fara bayaninsa a 1930 daga 'yan ƙasusuwa kaɗan, sannan masanan Italiya suka sami ƙoƙon kansa suka raɗa masa sunan Goronyo a 1972. A shimfiɗin nan dai aka sami kadan da ake kira Sokotosuchus, wanda aka yi bayaninsa a 1975, da kunkurun ruwa, da haƙoran kifi. Shimfiɗan Dange da Kalambaina sun fi ƙuruciya, bayan ƙarewar dainoso, wato manyan dabbobin tudu na zamanin da, aka yi su. Na Dange yumɓu ne mai jibsam da dunƙulen fosfat, yana ba da haƙoran kifin shak da kashin dabbobi da ya zama dutse. Na Kalambaina farin dutse ne, shi ake fasawa ana yin siminti, cike yake da ɓawon katantanwa da kumbar ruwa.

Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, labarinta daban. Wajen shekara miliyan 112 da suka wuce ƙasar koguna ce. Faransawa masu neman yuraniyom suka fara ba da labarin ƙasusuwanta, masanin Faransa Philippe Taquet ya je a tsakiyar shekarun 1960, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya yi ta komawa tun daga shekarun 1990. Wanda ya fi suna a can Sarcosuchus imperator ne, kadan da ƙoƙon kansa kaɗai ya kai mita 1.6. An fara ƙiyasta tsawonsa mita 11 zuwa 12, lissafin baya ya sauko da shi wajen mita 9 zuwa 9.5, wanda har yanzu ya isa abin tsoro. Cikin dainoso akwai Ouranosaurus mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya kamar an kafa danga, da Suchomimus mai cin kifi. Amma in za a zaɓi gwani, Nigersaurus taqueti ya cancanta: mai cin ganye, tsawon mita 9, bakinsa shimfiɗaɗɗe a gaba kamar bakin shebur, haƙora sama da 500 jere a bayan juna, kowanne ana musanya shi cikin kimanin kwana 14. Shi ne kuma ya fi kowa wahalar haƙa, don wasu ƙasusuwan kansa da na bayansa sirara ne har haske na iya ratsa su. Ta wajen Ingal kuwa, a shimfiɗin da ya girmi na Gadufawa, aka sami wasu dainoso biyu, Jobaria da Afrovenator.

Wanda ke da hali ya fara zuwa Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai, ya tsaya gaban ƙasusuwan Sarcosuchus da na dainoso da ke can, ya ƙare musu kallo kusa da kusa: launi, fuskar ƙashin, yadda karaya take. Awa biyu a nan ta fi karatun mako guda amfani.

Izini kafin diga

A Nijar dokar kare kayan gado ta 1997 ta sa haƙa da fitar da irin waɗannan abubuwa sai da izinin hukuma, kuma Gadufawa ba wurin da mutum ke tasar wa shi kaɗai ba ne: sai da takarda, da jagora ɗan ƙasa, da rakiya. A Nijeriya, wanda ya ga ƙashi babba ya sanar da sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko hukumar binciken ƙasa da ma'adinai, ko hukumar gidajen tarihi. Kafin a taka gonar wani ko tudun wani gari, a je a gaida mai gari, a gaya masa abin da ya kawo mutum, a nemi mai gonar. Baƙo da diga a bayan gari, ba wanda zai yarda ƙashi yake nema, kowa zinariya zai kawo a ransa. Sannan a tambayi halin tsaro a ranar tafiya, don wasu sassan gabashin Sakkwato ba a shigarsu yadda aka ga dama.

Ga mafi yawan mutane aikin ya tsaya a ganewa, da ɗaukar hoto, da rubuta wuri, da kai rahoto. Abin da ya biyo baya na ɗauko ƙashi na masu izini ne, ko na ranar da ƙashin ke bakin kwazazzabo ruwa na shirin tafiya da shi kuma masana sun ce a ceto shi.

Yadda ake nema

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Fabrairu. Damina ta wanke gangare ta fito da sabon abu, rana kuma ba ta kai ta bazara zafi ba. A fita da sassafe zuwa wajen ƙarfe 10, ko bayan la'asar, lokacin da hasken ke zuwa a karkace yana fitar da inuwar ƙananan abubuwa. Da tsakar rana komai fari fat yake, ba ka bambanta haƙori da tsakuwa.

Ba a fara da haƙa. Tafiya ake yi a hankali a gindin gangare, ido a ƙasa. In ka ga gutsuren ƙashi, kada ka ɗauka tukuna. Duba sama da shi. Ruwa ne ya gangaro da shi, don haka uwar tana sama. Bi gutsattsarin kana hawa, za ka ga suna ƙara yawa suna ƙara girma, sai ka kai inda suka yanke ɗif. Layin nan da suka yanke shi ne shimfiɗin da ƙashin yake ciki. Kafa tsinke a kowane gutsure da ka wuce, don in an zo haɗawa a san wanne ya fi kusa da wanne.

Ƙashi ne ko dutse

Abu uku ke ruɗin sabon shiga: ƙashin dabbar yanzu, da itacen da ya zama dutse, da dunƙulen marmara.

Duba wurin karaya. Ƙashi yana da ɓawo mai santsi a waje, cikinsa kuma ƙananan ramuka kamar soso. Itacen dutse, wanda ke da yawa a tsofaffin shimfiɗan Sakkwato da yankin Tigidit, zarensa dogo ne a miƙe, ba soso a ciki. Marmara ba ta da tsari, ciki da waje ɗaya, ko kuma ɓawo-ɓawo kamar albasa. Ƙashin yanzu fari ne mara nauyi; na da ya sha ma'adini ya yi nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi da farce yana ƙara kamar tangaram. In shakka ta rage, ɗauki ɗan ɓarɓashin da ya riga ya faɗi, ka ɗora masa allurar da aka gasa ta yi ja. Na yanzu zai yi ƙaurin gashi, na da ba ya ƙauri.

Akwai masu taɓa harshe a jiki, wai ƙashi yana kama harshe dutse ba ya kamawa. Gaskiya ne yana kamawa, amma kada ka yi. Ƙashin da ya daɗe a ƙasa yana tara yuraniyom daga ruwan da ke ratsa shi, ga shi kuwa yankin Agadas ƙasar yuraniyom ce. Jiƙa yatsa ka danna, za ka ji ɗan kamun. Saboda wannan dalilin kuma ba a ajiye tarin ƙasusuwan a ɗakin kwana, ba a kuma shaƙar ƙurarsu.

Haƙori ya fi komai saurin faɗin mai shi. Na kada zagayayye ne kamar ƙahon ɗan akuya, mai kauri a gindi. Na dainoso mai cin nama irin Afrovenator fale-fale ne kamar wuƙa, ya ɗan lanƙwashe baya, gefensa da ƙananan haƙora irin na zarto da za ka ji in ka bi da farce. Na Suchomimus tsakanin biyun yake, ya fi kusa da na kada, zartonsa ƙanana ƙwarai. Na Nigersaurus siriri ne, bai kai kaurin fensir ba. Na shak mai kusurwa uku ne ko siriri mai tsini, yana sheƙi, saiwarsa ta rabu biyu. Gaɓar ƙashin baya ma tana magana: ta kifi ta lotsa gaba da baya kamar an haɗa ƙoƙo biyu baya da baya, ta dangin Goronyosaurus kuwa gaba ta lotsa, baya ta yi tulu. In ka ga faffaɗan ƙashi mai ramuka-ramuka a fuska ɗaya, ɗaya fuskar sumul, sulken bayan kada ne. Ana tsintarsa a Gadufawa, shi ne kuma mai haƙuri, ba ya saurin fashewa.

Rubutu kafin taɓawa

Kafin a kawar da ko tsakuwa ɗaya, a ɗauki lambar wurin da waya. Manhajar taswira tana karanta tauraron ɗan'adam ko ba sabis, kuskurenta mita 3 zuwa 5 a fili. Jira minti ɗaya lambar ta tsaya, sannan ka kwafe ta cikin littafi da fensir, don waya na mutuwa, biro kuma na narkewa in ruwa ko asiton (kemikal ɗin da ake narkar da gam da shi) ya taɓa shi. Ɗauki hoto uku aƙalla: na nesa da ke nuna tudun da wata alama kamar bishiya, na tsakiya da ke nuna shimfiɗin, na kusa da rula a gefe da kibiyar da ke nuna arewa. Hoton da ba rula a ciki rabin hoto ne, ba mai sanin ko yatsa ne ko cinya.

Ba kowane ƙashi lamba, misali harufan wurin da shekara da lambar jeri. Rubuta irin ƙasar da yake ciki, launinta, abin da ke samanta da ƙasanta, da nisan ƙashin daga wani shimfiɗi da kowa zai gane, kamar layin jibsam ko na farin dutse. In ƙasusuwan da yawa ne, ja igiya ka yi murabba'i mita ɗaya-ɗaya, ka zana kowanne a takarda, santimita 1 a madadin 10. Yadda suke kwance shi ke nuna ko dabba ɗaya ce ta mutu a nan ko kogi ne ya tara na dabbobi goma.

Buɗewa da shayar da gam

Diga da shebur na kwashe ƙasar sama ne kawai, a tsaya da su in ya rage kamar santimita 30 a kai ga ƙashin. Daga nan sai wuƙa, da basilla, da buroshin fenti mai faɗin inci 1 ko 2. Ana tura basilla ta nufi waje, ba ta nufi ƙashin ba, don in ta zame ta tafi cikin ƙasa. Buɗe saman kawai, gwargwadon yadda za ka san iyakarsa ta kowane gefe. Ƙasar da ke manne da shi ita ke riƙe da shi. Kwalliya sai an je ɗakin aiki.

Kada a zuba ruwa. Yumɓun Dukamaje da na Dange yana kumbura in ya jiƙe, ya tsage in ya bushe, ya tafi da ƙashin. Jibsam ɗin da ya shiga tsagar ƙashin ma ruwa na narkar da shi kaɗan, in ya sake ƙanƙarewa ya ƙara buɗa tsagar. In kuma ƙashin ya fito da danshi, kada a bar rana ta buge shi kai tsaye. A yi masa rumfa da tabarma ya sha iska a hankali.

Gam ɗin da masu wannan aiki suka yarda da shi Paraloid B-72 ne, ƙwayoyi ne garai-garai kamar ɗanyen ƙaro, ana narkar da su a asiton. Falalarsa ita ce ba ya canza launi, kuma duk ranar da aka so cire shi asiton zai narkar da shi. Na shayarwa: giram 50 a lita 1 na asiton, ya zama tsararo kamar ruwa. Na liƙa karaya: giram 50 a mililita 100, ya yi kauri kamar zuma. In ka zuba ƙwayoyin a gindin kwalba za su dunƙule su ƙi narkewa, don haka ƙulla su a ɗan ƙyalle ka rataya cikin asiton ɗin su kwana. A nemi asiton tsantsa wurin masu sayar da kayan kemikal. Na goge farce yana da mai da turare.

Ɗiga shi da sirinji a kan tsaga, ka bar ƙashin ya sha da kansa har ya ƙi sha, jira minti 15 zuwa 20, ka ƙara. Matsalar ƙasar zafi ita ce asiton na tafasa a digiri 56, dutsen da rana ta gasa kuwa ba shi da nisa da haka. Sai ya tashi kafin ya shiga ciki, ya bar gam ɗin a sama yana ƙyalli, ciki na nan gari. Maganinsa a yi da sassafe a inuwa, a kifa roba a kai bayan an ɗiga don tashin ya yi jinkiri. In gam ɗin ya yi fari kamar madara, ƙashin da sauran danshi, a dakata. Asiton na saurin kama wuta kamar fetur, ba sigari, ba murhun shayi a kusa.

Sufa gulu kuwa a bar shi a gida. Yana kamawa kafin ka daidaita karayar, yana haɗa ƙasa da ƙashi, cire shi azaba ne. Farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa ya fi shi dama in ba yadda za a yi, amma yana kawo danshi, yana tsukewa, da shekaru kuma ya ƙi fita.

Ɗorin filasta

Ƙaramin abu mai ƙwari, kamar haƙori ko gaɓar kifi, a naɗe shi da tishu a sa a leda da lambarsa, shi ke nan. Duk abin da ya wuce tsawon tafin hannu ko yake da tsaga, ɗori yake so. Hikimar irin ta maɗori ce: ba a ɗaga karyayyen abu sai an ɗaure shi da abin da ya fi shi ƙarfi. Bambancin kawai, nan har da ƙasar da ke kewaye ake ɗaurewa.

Kayan aiki: garin POP irin na masu silin, buhun algarara, tishu mai yawa, daron roba, ruwa, safar hannu, da sandunan gora ko katako. Yanka algarara tsiri-tsiri, faɗin santimita 10 zuwa 15, tsawon 40 zuwa 60. Buhun leda irin na taki ba ya yi, filasta ba ta kama shi.

Bar ƙasa santimita 5 zuwa 10 kewaye da ƙashin, ka haƙa rami zagaye da shi, mai faɗin da hannu da guduma za su yi aiki a ciki. Zurfinsa ya wuce inda kake zaton ƙashin ya ƙare da aƙalla santimita 10 zuwa 15. Sannan ka riƙa sassaƙe gindin kana shiga ciki ta kowane gefe, har dunƙulen ya tsaya kamar turmi, sama da faɗi, ƙugu a tsuke. Wannan tsukewar ita ce sirrin aikin. In babu ita, filastar hula ce kawai. Ranar juyawa hular za ta taso, ƙasa da ƙashi su zube ta ƙasa. In ka ci karo da wani ƙashin a cikin ramin, tsaya, ka faɗaɗa dunƙulen ko ka canza hanyar ramin.

Rufe duk inda ƙashi ya bayyana da tishu, ka danna shi da buroshi mai ɗan danshi har ya kwanta, kaurin kamar rabin santimita. Cike kowane lungu da tishun da aka dunƙule. Wanda ya yi rowar tishu zai tarar filasta ta kama ƙashin kam, ranar buɗewa ta ɓalle da fatarsa.

Kwaɓi: zuba ruwa a daro tukuna, sannan ka barbaɗa garin a kai, kimanin kilo 1.5 ga lita 1. In ba sikeli, yi ta barbaɗawa har garin ya fara tsayawa tsibi-tsibi a saman ruwan. Bar shi minti 2 ya jiƙa, ka juya da hannu a hankali, ya yi kaurin kunu. Kada ka kwaɓa fiye da lita 2 a lokaci ɗaya, don minti 10 zuwa 15 kake da su. Abu uku ke sa ya ƙanƙare maka a daro: ruwan jarkar da ya sha rana, da yawan bugawa, da ragowar tsohon kwaɓi a jikin daron. Shi ya sa ake son daron roba, in ya bushe ka lanƙwasa shi ɓawon ya zube. Wanda ya fara kauri kada a ƙara masa ruwa, ya mutu, ba zai yi ƙarfi ba. Garin da ya sha danshi a shago, mai gudaji, shi ma haka. Gwada kofi ɗaya a gida kafin tafiya.

Jiƙa algarara da ruwa ka matse kafin ka tsoma a kwaɓin, in ba haka ba busasshen zaren zai zuƙe ruwan filastar. Tsoma, ka zare abin da ya yi yawa tsakanin yatsu biyu, ka shimfiɗa kana dannawa cikin kowane lotsi, kowane tsiri ya hau kashi ɗaya cikin uku na wanda ya riga shi. Layi na biyu ya gicciye na farko. Zagaya ƙugun turmin da dogon tsiri ka ja shi tamau kamar ɗamara. Dunƙulen da bai kai santimita 30 ba layi 2 zuwa 3 ya ishe shi. Na rabin mita zuwa mita yana son 4 zuwa 6, da sanda biyu a tsawonsa a ɗaure cikin filastar bayan layi na biyu. Doguwar cinya ko haƙarƙari ba tare da sanda ba, a tsakiya take karyewa. Filasta tana ɗaukar zafi in tana kamawa, mai kauri tana ƙuna, don haka ba a barin hannu a nutse cikinta.

Bar shi awa 1 zuwa 2, babba ya kwana. In ya huce kuma yana ƙara in an ƙwanƙwasa, ya yi.

Juyawa ita ce inda ake asara. Ci gaba da sassaƙe ƙugun har ya rage kaɗan, ka buga dogayen ƙarafa ko cizal ta ƙasa, nesa da ƙashin, har ka ji dunƙulen ya motsa gaba ɗayansa. In sama ta motsa ƙasa ba ta motsa ba, tsaya, ka ƙara ɗamara. Shirya inda zai faɗa, tsohuwar taya ko tulin rairayi. Mutum ɗaya ke ba da umarni, a juya shi karo ɗaya da sauri, ba tsayawa a rabi, wani kuma ya tallafe gindin da tafin hannu. Duba ramin da ya bari ko akwai ƙashin da ya rage. Rage ƙasar gindin don nauyi, amma kada ka kai ga ƙashin, sa tishu, ka rufe da layi 2 zuwa 3 da suka hau gefen na farko. Rubuta lamba da kibiyar arewa da gefen da yake sama a jikin filastar, a wuri biyu.

A yi lissafin nauyi tun kafin a fara. Lita ɗaya ta irin wannan dutse kilo 2 zuwa 2.5 ce. Dunƙule mai santimita 50 da 40 da 25 lita 50 ne, wato kilo 100 zuwa 125, kuma zai ci garin POP wajen kilo 15 da ruwa lita 10, ban da na jiƙa algarara da wanke hannu, ban da na sha. A hamada ruwan shi ne iyakar aikin, ba ƙarfin mutane ba. Irin wannan dunƙule mutum huɗu ne a kan makarar gora. A mota a ɗora shi kan tsohuwar katifa ko taya, a ɗaure kada ya yi tsalle, don girgizar hanyar burji na niƙe abin da ke ciki ko filastar ba ta fashe ba.

Bayan an isa

Ana buɗe ɗori ta gefen da yake ƙasa a rami, don nan ne rana da ruwa ba su ci ƙashin ba. A yanka da zarto a kewaye, a ɗage murfin, a bar sauran ya zama masa gado. A yi aiki da allura da buroshi, da takunkumi a hanci, ana shayar da gam duk inda sabon wuri ya buɗe. Ruwan khal yana cin farin dutse irin na Kalambaina, za ka ga yana kumfa, amma ba ya taɓa jibsam, kuma in ba a wanke shi sarai ba yana barin gishirin da ke fasa ƙashi daga baya. A bar wa ɗakin bincike wannan. Jibsam da allura ake ɓamɓare shi, ƙwaya-ƙwaya.

Ajiya a wuri busasshe, sama da daɓe, nesa da bangon da ke jiƙa da damina. Wasu ƙasusuwan da suka fito daga baƙin yumɓu suna ɗauke da wani ma'adini mai ƙyallin zinariya da ake kira fairait, wanda ke ruɓewa in danshin iska ya yi yawa. Alamarsa farin gari ko rawaya a jikin ƙashin, da warin farar wuta, da takardar lambar ta fara cinyewa. In an ga haka a ware shi, a goge garin a bushe, a sa a roba mai murfi da ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani.

Gara na cin takarda da kwali, tawadar maka kuma na kodewa a rana cikin 'yan watanni. Don haka lambar ta zauna a wuri uku: cikin leda, da littafin fili wanda aka ɗauki hoton kowane shafinsa, da jikin ƙashin kansa. A jikin ƙashin, shafa ɗan Paraloid a wurin da ba ya rufe wata alama, ya bushe, ka rubuta da baƙar tawada mara gogewa, ka sake shafa wani a kai.